Sunan Yaya a Jikin Katafila

Ni ban taɓa riƙe diga da sunan aiki ba, amma da kuɗin diga na yi karatu. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma sana'arsa haƙa ce: rijiya, masai, lambatu, ramin harsashin gini, duk inda aka ce a buɗe ƙasa. Ya girme ni da shekara goma sha huɗu. A lokacin da nake magana, wato tsakiyar shekarun saba'in, shi ne heluma, shugaban wasu mahaƙa su goma sha ɗaya a Rafin Guza. Ni kuwa ina akawu a wata ma'aikatar gwamnati, ina zaune a Unguwar Dosa, ina hawa babur, ina sa farin kaftani da biro uku a aljihun gaba, biyu daga ciki ba sa rubutu.

Yaya ba shi da abin duniya. Ɗaki biyu na haya, mata ɗaya, 'ya'ya huɗu, da keken da ya fi shi gajiya. Abu ɗaya ya mallaka, kuma shi na raba shi da shi: in ya faɗi magana, mutanen nan goma sha ɗaya ba sa neman shaida. Kullum da sassafe suna haɗuwa a gindin wani mangwaro a bakin hanya, kusa da teburin mai shayi, kowa ya jingina digarsa da shebur, 'yan kwangila su zo da mota su ɗebe su. Suna da doka guda, kuma Yaya ne ya kafa ta. Duk wanda ya samo aiki, ko ramin shara ne, sai ya kawo shi gindin mangwaro a raba, ba a cin aiki a ɓoye. An taɓa kama wani ya haƙa masai a wani gida shi kaɗai ya karɓe kuɗi ya yi gum, Yaya ya sallame shi a gaban kowa. Mutumin ya yi kuka da hawaye, har kamun ƙafa ya yi da limamin unguwa, Yaya bai janye ba.

A shekarun nan Kaduna ta haukace da gini. Duk inda ka bi ta Malali ko hanyar Zariya sai ka ga an ja igiya an kafa turaku. Ana cikin haka aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da ariyas, wato bashin watannin baya, kuɗi suka zubo wa mutanen da ba su saba riƙe su ba. Masinja ya sayi rediyo mai kaset, akawu ya sayi firij ya girke a falo don baƙi su gani, manya kuwa kowa ya zama ɗan kwangila ta bayan fage. Doka ta hana ma'aikacin gwamnati kasuwanci, saboda haka sai ka tarar tsohuwar da ko zaure ba ta fitowa ita ce shugabar kamfanin gine-gine. Akwai wani a ofishinmu da kakarsa ke da tifa biyu, baiwar Allah har ta rasu ba ta ga tayarsu ba. Ina yi musu dariya a fili, a raina kuwa ƙyashi ke cina.

Tawa damar ta zo ta hannun wani ɗan kwangila da nake gaggauta fito masa da takardunsa. Ya sami ginin jerin gidajen ma'aikata a wajen Malali, ya ce in nemo masu haƙa harsashi da lambatu, in ci abin da zan ci a kai. Na garzaya wurin Yaya. Ya je ya duba filin, ya tattaka, ya sa diga a wuri uku, ya ce daga ƙafa biyu zuwa ƙasa duk marmara ce, sai sati uku. Ɗan kwangila kuwa kwana goma ya ba ni.

"Yaya, sati uku fa ka ce. Mutumin nan ba zai jira ba."

"To, Akawu, ai ƙasa ce. Ba ta san shi ba."

Haka yake kirana, Akawu, tun ranar da na fara aiki, rabi wasa rabi alfahari. Na kawo masa zancen katafila ina tsammanin zai yi faɗa, sai na ji ya amince ba musu. Ya ce a ɗauko haya ta fasa musu marmarar, su kuma su bi baya su gyara, don ita ba ta iya kusurwa ba. "In ta gama," in ji shi, "ta koma gidan ubanta."

Akwai wani attajiri da ke ajiye manyan motocinsa a wani fili kafin ka shiga Rigachikun. Can na tafi. Manajansa ya karanta mini sharuɗɗa: kuɗin yini ake biya ba na aiki ba, da direbanta take zuwa, man dizal nawa, abincin direba nawa, har goronsa. In ruwa ya sauko, ko ta lalace a hannuna, yinin ya tafi ke nan. Yana faɗa yana sakace haƙori, ko ɗago kai bai yi ya dubi kaftanina ba. Wannan rashin kallon ya tsaya mini a rai fiye da tsadar.

Ta iso filin da hantsi, irin mai tayoyin roba da dogon hannu a baya, tana feso baƙin hayaƙi. Mutanen Yaya suka tsaya a gefe da diga a kafaɗa. A al'adarsu heluma ke yin sarar farko da bismilla kafin kowa ya taɓa ƙasa. Yaya ya ɗaga diga ke nan na yi wa direba hannu, don ni agogo nake kallo, sai hannun ƙarfen nan ya sauko ya yago abin da mutum huɗu za su kai azahar a kansa. Yaya ya sauke digarsa a hankali ya ja da baya. Na gani sarai, na yi kamar ban gani ba.

Kwana biyu da rabi ta yi ta gama. Mahaƙa suka bi baya suna sassaƙe gefuna, aikin da ko mace za ta iya. Ɗan kwangila ya zo ya gani ya yi ta zuba mini yabo, kaina ya kumbura. A gabansa da gaban mutanen Yaya na dafa jikin katafila na ce, "Yaya, ka ga leburan ƙwarai. Ba ya ciwon baya, ba ya zuwa jana'iza, matarsa ba ta haihuwa." Ɗan kwangila ya yi dariya har da riƙe ciki. Yaya ya murmusa ya ce, "Haka ne, Akawu." Wanda bai ko motsa fuska ba shi ne mataimakinsa, wani dogon Basakkwace mai ido ɗaya, wanda shi ke shiga rijiya in ta yi zurfi. Ya tsura mini idon nan guda har sai da na janye hannuna daga jikin motar.

Daga ranar na rasa sukuni. Ina ofis ina buga takarda, hankalina na kan filin nan na Rigachikun da manajan da ke sakace. Me zai hana ni ma a riƙa zuwa ana tsayawa a gabana? Sai ga shi ma'aikatarmu na shirin gwanjon tsofaffin motoci, har da katafiloli, kuma ni ke buga jerin. Na san wadda ta mutu da gaske, na kuma san wadda aka rubuta ta mutu alhali famfon mai kawai take so. Na sayar da wani fili da nake da shi, na haɗa da ariyas, na ninke takardar saye na sa a aljihu tare da ɗan akwatin tawadar dangwale, na nufi Rafin Guza wata yamma bayan la'asar.

Na tarar da shi a ƙofar ɗaki yana sa wa diga sabuwar ƙota. Ya saurare ni har na gama bai daina sassaƙa ba.

"Kada ka saya," ya ce.

"Yaya, haya fa asara ce. Kullum kana cika aljihun wani."

"Ta haya baƙuwa ce, ta zo ta tafi. In ka saya ta zama 'yar gida, kullum sai ta ci. Direba ya ci, makaniki ya ci. Ranar da babu babban aiki me za ka ba ta? Namu za ka ba ta."

Na rantse masa da Allah cewa aikin hanya kawai za ta riƙa yi, da manyan ayyukan da suka fi ƙarfin hannu, ba za ta taɓa shiga gonar su ba. Ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"To tunda ka riga ka yanke, me ya kawo ka wurina?"

Na fito da takarda. Na yi masa bayani cewa ni doka ta hana, suna kawai zai ara mini. Ya tambaya ko akwai haram a ciki, na ce dokar boko ce kawai, kowa haka yake yi. Ya daɗe yana kallon takardar da bai iya karantawa ba. Sa'an nan ya ce zai ara mini sunan, amma da sharaɗi biyu: kada ko kwabo na motar ya shigo gidansa, kuma kada mutanensa su ji. Na amsa da sauri. Da ya dangwala yatsa sai ga tabo kawai, ba zane ko ɗaya, ƙotar diga ta shafe masa su tuntuni. Sai da muka yi sau uku ina danna masa yatsan da hannuna kafin wani abu ya fito.

Bayan na saye ta a gwanjo, makanikin da ya tayar da ita ne ya ce motar haya sai da suna a jiki, in ba haka ba masu nema ina za su dosa? Na kira mai fenti, ya tambaye ni me za a rubuta. Da mai hankali ne da ya ƙirƙiro sunan kamfani. Ni kuwa wayon akawu ya kwashe ni, na ce in an zo bincike gara a ga suna ɗaya a takarda da jikin mota. Na sa ya rubuta cikakken sunan Yaya da manyan baƙaƙe, a ƙarƙashi kuma Rafin Guza. Na ce ai ba mai karanta boko a cikin mahaƙan nan. Ban tuna cewa masu neman haya sun iya karatu ba, kuma a duk Rafin Guza wuri ɗaya aka san ana samun mai wannan suna.

Alkawarina wata guda ya yi. Damina ta kankama, aikin hanya ya tsaya, katafila na zaune a bayan gidan wani abokina tana tsatsa, direba kuma kullum yana ƙofar gidana da gaisuwar da na san ma'anarta. Na sami wani dillali na ce ya karɓi duk abin da ya samu, harsashin gida ne, ramin masai ne, lambatu ne, kada ya mayar da komai. Na kuma ja masa kunne cewa duk wanda ya tambaya ya ce masa heluma yake yi wa aiki, wurinsa yake kai kuɗi. Ban ga laifin haka ba a lokacin. A ganina tsari ne.

Matar Yaya ce ta ba ni labarin ranar farko, daga baya, tana magana ba ta kallona. Wani ɗan kwangila da ya saba ɗebe su ya tsaya da mota a gindin mangwaro. Mutane suka miƙe suna ɗaukar diga. Sai ya leƙo ta taga ya ce su zauna, ba su yake nema ba, heluma yake so, zai ɗauki katafilarsa kwana biyu. Har da yi masa barka, wai ashe shi ma ya waye. Yaya ya ce shi ba shi da katafila. Mutumin ya yi dariya ya ce ai da idonsa ya karanta sunan, ga shi ɓaro-ɓaro a jiki. Bayan ya tafi suka tambayi Yaya, ya ce ba tasa ba ce. Suka ce to ta wa ce, ya ƙi faɗa.

Washegari Yaya ya zo ofis, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a bakin ƙofa ya aika masinja ya kira ni. Ya ce in goge sunan. Na ce ba komai, sati mai zuwa zan kira mai fenti. Na ji haushin zuwansa da kayan aiki duk jar ƙasa, ina ta waige-waige kada abokan aiki su gan mu tare.

Kafin in kira mai fenti gwamnati ta sauya, sababbin sojoji suka hau, aka shiga tankaɗe da rairaya a ma'aikatu. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane ba. Mutum zai fito aiki da safe da direbansa, ya ji sunansa a labaran rana, ya koma gida a tasi. Takardar ƙorafi ɗaya, ko ba sa hannu, ta isa. Mai kakar nan da tifa biyu yana cikin na farko da suka tafi. A ofishinmu aka daina hira, manya suka koma sallar jam'i a sahun gaba, ni kuwa na cire biro biyu daga aljihuna don kada in yi kama da mai hali. Na aika wa Yaya cewa yanzu ne ma bai kamata a taɓa fentin nan ba, kuma in magana ta fita daga bakinsa to ya kashe ni da iyalina. Ban dakatar da dillali ba, don kuɗin na shigowa, kuma ina son su.

Yaya kuwa can abin duniya ya dame shi. Motocin da ke tsayawa don mutane suka ragu, masu tsayawa don katafila suka ƙaru. Mahaƙa su zauna har rana ta take, su tashi su koma gida hannu wofi, kuma duk wanda ya wuce ta wani fili zai gan ta tana yin aikin da a da nasu ne. Wasu sun yi zargin tawa ce, amma ga dillali na rantsuwa cewa heluma yake kai wa kuɗi, ga kuma labarin dangwale ya fita ta bakin makaniki. Suka ce mutum ba ya dangwala yatsa a kan abin da ba nasa ba. Wanda ya kori wani saboda masai ɗaya, yau shi ya haɗiye aikin mutum goma sha ɗaya. Ba su zage shi ba, da ma zagin suka yi. Gaisuwa ce ta koma guntuwa. Ya zauna a benci, na kusa da shi ya tuna yana da uzuri. Aka yi wa ɗayansu haihuwa, goron suna ya zaga unguwa bai shiga ɗakinsa ba. Matarsa ta je ɗiban ruwa a rijiyar da shi ya haƙa, mata suka ce ta jira a kawo mata famfo, ai su yanzu manya ne. Daga ƙarshe aka samo aikin rijiya a wani gida, suka tafi da asuba ta wata hanyar ba su gaya masa ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo gidana. Na nuna masa kujera, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Matata ta kawo abinci ya ce ya ƙoshi.

"Akawu, ban taɓa roƙonka komai ba."

"Haka ne, Yaya."

"Zo ka gaya musu. Su goma sha ɗaya ne, ba wanda ya iya rubuta sunansa, wa za su kai wa ƙara? Ba na son motar, ba na son ka daina. Ka ce musu kawai ba tawa ba ce."

Na ce ya bari ƙura ta lafa. Ya ce kafin ta lafa shi ya gama. Na shiga ɗaki na ɗebo kuɗi masu kauri na ajiye a gabansa, na ce ai ko ba komai sunansa ne ke aiki, ya karɓi rabonsa ya huta da haƙa, shekaru sun ja. Ya dubi kuɗin kamar na ajiye masa mushe.

"In na taɓa wannan ai abin da suke faɗa ya zama gaskiya."

Gaskiya zan faɗa, ba tausayinsa na ji ba a lokacin, haushinsa na ji. Kowa a garin nan yana ara wa ɗan'uwansa suna ya ci arziki ya yi shiru, sai nawa yayan ne zai zo ya zauna mini a ƙasa yana sa ni jin kamar ɓarawo. Amma ban iya cewa a'a ba, don idonsa ya yi ja, kuma ban taɓa ganin haka ba ko ranar da aka binne mahaifinmu. Na ce zan zo ranar Lahadi da safe. Ya yi mini godiya har sau biyu, wai shi ke gode mini.

Na tashi ranar Lahadi da niyyar faɗin gaskiya, ko in ce da rabin niyya. A hanya ina ta shirya yadda zan sa su rantse kafin in buɗe baki. Na tarar duk sun hallara a gindin mangwaro, don Yaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya ce ƙanensa zai zo da magana. Ya sa wankakkiyar riga. Da ya hango ni sai fuskarsa ta washe, ya taso ya tare ni, ya kama mini babur na sauka. Aka ba ni benci ni kaɗai, su suka tsugguna.

A nan na ga mutumin. Yana zaune a teburin mai shayi, da agogo a hannu, da jarida a buɗe a gabansa. Ban san shi ba. Daga baya na ji ashe tela ne yana jiran motar Zariya, jaridar ma ta nannaɗe burodi ce. Amma a wannan safiyar ni ban ga tela ba, na ga mutumin da ya iya rubutu, zaune taku biyar daga bakina. Gumi ya karyo mini, na ji muryar mai karanta labarai a kunnena tana kiran sunana da na ma'aikatarmu.

Basakkwacen ne ya yi magana. Ya miƙe tsaye, ya cire hula ya riƙe a hannu.

"Akawu, mu ba mu son dogon zance. Shekara ashirin ina shiga rijiya, wanga bawan Allah shina riƙe da igiya, ban taɓa ɗaga kai in duba ko shina nan ba. Yau wata ukku ban yi kwana mai daɗi ba. Katahilag ga, ta wa ta? In taka ta, hwaɗa muna, wallahi ba ta wuce nan, mu duƙa mu roƙe shi gahwara."

Ba faɗa a muryarsa. Roƙona yake yi in ba shi abin da zai riƙe. Na dubi Yaya, yana gyaɗa mini kai a hankali, irin yadda ake yi wa mai koyon tafiya. Na sake duban mai jarida, ya juya shafi.

"Ta Yaya ce," na ce. "Ni ma'aikacin gwamnati ne, me zai haɗa ni da katafila?"

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma shirun da ya biyo baya ya tsorata ni, na ga kamar ba su yarda ba, sai bakina ya ci gaba shi kaɗai.

"Ni da kaina na ce masa kada ya saya. Na ce ya riƙa ɗaukar haya, don in ya saya kullum sai ta ci, kuma aikinku za ta ci. Bai ji ba."

Maganarsa ce na ɗauka na soke shi da ita, yana tsaye yana ji. Ko mai shayi ya daina kaɗa cokali. Basakkwacen ya juya gaba ɗaya, don sai ya juya yake gani, ya fuskanci Yaya.

"Heluma, ka jiya?"

Yaya ya dube ni. Ba harara, ba mamaki ma sosai. Ina jin a nan ya ga gumina, ya bi idona ya ga mai jarida, ya gane. Kalma ɗaya ta ishe shi, ya ce ƙarya nake, kuma na tabbata da sun yarda da shi, don neman dalilin yarda suke yi.

"Na ji," ya ce. "Yadda ya faɗa, haka ne."

Basakkwacen ya mayar da hularsa, ya goge idonsa da bakin riga, ya ɗauki kayan aikinsa ya tsallaka hanya ya tsaya a jikin wata katanga. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Daga wannan rana Yaya bai sake zama da su ba. Kafin rani, ya kwashe iyalinsa ya koma Rigachikun, yana ƙodago a gonakin mutane, in ya sami masai ya haƙa shi kaɗai. Ni kuwa ba a taɓa kiran sunana a rediyo ba, shekara na zagayowa ma aka ƙara mini girma. Lokacin da tsoro ya wuce ina iya komawa in faɗi gaskiya, ban koma ba, kullum sai in ce wani satin.

Amma a safiyar nan akwai sauran abu ɗaya. Na tashi na hau babur, na buga ya ƙi tashi. Na sake bugawa, ƙafata na zamewa, ya ƙi. Mutanen na tsallaken hanya suna kallo. Na buga har sau shida ina zagin inji a raina, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji an dafa bayan babur.

"Sa giya ta biyu, Akawu," in ji Yaya. "In na ce saki, ka saki."

Ya fara turawa. Mutum mai kusan shekara hamsin, da wankakkiyar rigarsa, yana gudu a cikin taɓo a gaban mutanen da yanzun nan suka juya masa baya saboda ni. Ina jin numfashinsa a bayan wuyana, ina jin takalminsa na fallatsa ruwa. Muka wuce teburin mai shayi, muka wuce katangar da suke tsaye, sa'an nan ya ce, "Saki!" Inji ya kama. Ta cikin ƙarar na ji ya ɗaga murya yana haki, wai in gaida yara. Ban waiwaya ba. Na gaya wa kaina cewa in na sassauta inji zai mutu, na ƙara wuta.